Ranar da Nadal ya yi wa Federer cin kaca a Roland Garros, da gardamar da ta biyo baya

Ranar Lahadi 8 ga watan Yuni na shekarar 2008, mutane wajen dubu 15 suka cika filin Philippe-Chatrier da ke birnin Paris don kallon wasan ƙarshe na maza na gasar tenis ta Roland Garros. A gefe guda Roger Federer ne, ɗan ƙasar Suwis, lamba ɗaya na duniya tun watan Fabrairu na 2004. A ɗaya gefen kuma Rafael Nadal ɗan Sifaniya, lamba biyu, wanda ya cika shekara 22 kwana biyar kafin ranar. Jama'a sun zo da shirin a kai yamma ana gumurzu. Awa ɗaya da minti 48 aka tashi, Nadal ya ci 6-1, 6-3, 6-0. Har yau idan masu bin tenis suka haɗu suna lissafin wasannin ƙarshe da aka yi na gefe ɗaya, wannan ne ke fara zuwa bakinsu. Mun tattaro muku yadda abin ya kasance da kuma abin da magoya baya suka yi ta faɗi, domin a ganinmu gardamar da aka yi bayan wasan ta fi wasan kansa daɗin ji.

Yadda ake lissafi

Ga wanda bai saba da tenis ba, lambobin nan ba za su ce masa komai ba sai an warware su. Mutum biyu ne, raga a tsakaninsu, kowa da raket a hannu. Ana tara maki har a ci zubi guda: maki na farko a ce 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu an ci zubin, sai fa idan an yi kunnen doki a 40, to nan sai mutum ya ba da ratar maki biyu. Wanda ya riga kai zubi shida da ratar biyu ya ci turmi guda. A manyan gasanni huɗu na duniya, wato na Ostareliya, Roland Garros, Wimbledon na Ingila da na Amurka, namiji sai ya ci turmi uku ake ba shi wasa. Kowane zubi mutum ɗaya ne ke yin bugun buɗewa, wanda ake ce wa serbis, ana karɓa-karɓa. A wurin manyan ƴan wasa mai serbis shi ke da rinjaye, shi ya sa ƙwace zubin serbis ɗin abokin karo babban abu ne.

To kun ga 6-1, 6-3, 6-0 na nufin an yi zubi 22, Federer ya samu huɗu kacal. Sau 11 ya riƙe serbis, sau takwas Nadal ya ƙwace. Mutumin da a lokacin yake da manyan kofuna 12 ke nan, wanda saura biyu ya kamo Pete Sampras na Amurka.

Jar ƙasa

Ba za a gane wannan sakamako ba sai an san filin. Faransawa suna ce masa terre battue, ma'ana daɓaɓɓiyar ƙasa, amma ba yumɓu ba ne kamar yadda wasu ke zato. Ana shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, a bi ta da tokar kwal mai tauri, sannan farin dutse da aka niƙa aka daɓe, sai a barbaɗa garin jan bulo a sama, kaurin da bai wuce milimita biyu ba. Wannan garin ne ke ba filin launinsa, shi ke rina safa da wando. Ana yayyafa masa ruwa, ana jan tsumma ana share layuka tsakanin turmi da turmi.

A kan irin wannan fili ƙwallo tana rage gudu idan ta taɓa ƙasa, kuma tana tashi sama. Bugun da zai wuce mutum fyu a filin haki, a nan sai ya tsaya ya jira shi. Don haka maki guda yana iya cin bugu ashirin ko talatin, kuma mai ƙafa da numfashi da haƙuri shi ke gaba. Ƴan wasa suna koyon zamewa a kan garin don su kai ga ƙwallo. Yaran Sifaniya da na Kudancin Amurka a irin wannan fili suke tashi.

Nadal a nan ya tashi, a garin Manacor da ke tsibirin Mayorka, ƙarƙashin baffansa Toni Nadal wanda shi ne mai horar da shi tun yana ƙarami. Masu bin ƙwallon ƙafa za su tuna da wani baffan nasa, Miguel Ángel Nadal, da ya tsare wa Barcelona baya. Nadal da dama yake rubutu, amma a fili bahago ne. Kuma yana murza ƙwallo da ƙarfi yayin bugu, ta yadda idan ta dira sai ta yi tsalle har kafaɗar mutum. Idan bahago ya yi bugun cikin hannu ya karkata shi, kai tsaye ƙwallon tana zuwa ɓangaren bayan hannun na-dama. Federer kuwa da hannu ɗaya yake yin bugun bayan hannu, bugu mai kyan gani ƙwarai, amma mai wahala idan ƙwallo ta haura kafaɗa. Nan ne Nadal ya kafa tarkonsa shekara da shekaru, ya yi ta aika ƙwallo wuri guda har a gaji a ba shi gajeriya ya kashe.

Kafin ranar

Wannan ba shi ne karonsu na farko a Paris ba. A 2005 Nadal ya fitar da Federer a wasan kusa da na ƙarshe, ranar da ya cika shekara 19. A 2006 suka haɗu a wasan ƙarshe, Federer ya ci turmin farko 6-1, daga nan Nadal ya kwashe uku. A 2007 ma turmi huɗu aka yi. Kowace shekara dai Federer yana samun turmi guda, kuma a watan Mayu na 2007 a Hamburg ta Jamus shi ne ya katse wa Nadal wasanni 81 da ya ci a jere a kan jar ƙasa. Wannan ne ya sa magoya bayansa ba su fid da rai ba. A bazarar 2008 sun haɗu sau biyu, a Monte Carlo aka tashi 7-5, 7-5, a Hamburg aka kai turmi uku, duka Nadal ya ci amma da gumi. Federer har ya ɗauko José Higueras, tsohon gwanin jar ƙasa ɗan Sifaniya, don ya taimaka masa.

Sai dai wanda ya bi makonni biyun gasar da idon basira ya ga hadarin yana haɗuwa. Nadal ya ba ɗan ƙasarsu Fernando Verdasco zubi uku kawai, ya ba Nicolás Almagro uku, 6-1, 6-1, 6-1, kuma waɗannan ba ƙananan ƴan wasa ba ne a jar ƙasa. Novak Djokovic, lamba uku na duniya wanda ya ɗauki kofin Ostareliya a farkon shekarar, bai samu turmi ko ɗaya ba. Shi kuwa Federer sai da ya yi turmi huɗu da Gaël Monfils ɗan Faransa kafin ya iso.

Cikin fili

Tun zubin farko Nadal ya ƙwace serbis ɗin Federer, turmin farko ya wuce kamar iska. A turmi na biyu ne kaɗai aka ga alamar wasa. Nadal ya yi gaba, Federer ya rama, aka kai 3-3, filin ya ɗauki sowa ana kiran sunan Roger. A zubi na bakwai Federer ya samu damar ƙwace serbis ɗin Nadal ya shiga gaba, damar ta kuɓuce. Daga nan bai sake cin zubi ko ɗaya ba. Tara a jere Nadal ya kwashe. Rabon da a yi wa Federer turmin 6-0 tun 1999, yana yaro ɗan shekara 17.

Abin da mutane suka fi riƙewa daga turmi na uku shi ne shirun da filin ya yi. Ƴan kallon Paris ba a san su da shiru ba, suna da fito da ihu da tsokana. Amma ranar nan sai tafi jefi-jefi, irin na mutanen da suka rasa abin yi da hannuwansu. Shi kansa Nadal da ya ci makin ƙarshe bai faɗi ƙasa ya yi birgima ba kamar yadda ya yi a shekarun baya. Ya ɗaga hannu sama, ya taho raga ya gaisa da abokin karonsa. Wajen ba da kofi ma sai da ya ba Federer haƙuri a gaban jama'a. Björn Borg ɗan Suwidin ne ya miƙa masa kofin, kuma tarihin Borg ɗin ne ya kamo a ranar: kofi huɗu a jere, kamar yadda Borg ya yi daga 1978 zuwa 1981. Ya gama gasar bai rasa turmi ko ɗaya ba, zubi 41 kawai aka ci shi cikin wasanni bakwai. Rabon da a ga wasan ƙarshe mai irin wannan rata a Paris tun 1977, lokacin da Guillermo Vilas na Ajantina ya ci Brian Gottfried 6-0, 6-3, 6-0.

Abin da magoya baya suka ce

Ƙorafin farko na waɗanda suka sayi tikiti ne da waɗanda suka ware yammacin Lahadi gaban tele. Su a wurinsu an cuce su. Sun zo kallon karon manya biyu, suka tarar da mutum ɗaya yana aiki. Mu nan mun san wannan jin. Idan aka yi kwanaki ana kokowar takobi, aka kai karon ƙarshe, makaɗa sun yi zuga, an yi kirari, sai kaye ya zo kafin mutane su gyara zama, to ko ɗan jiharku ne ya yi kayen akwai wani abu da kuke ji an rage muku. Haka aka ji a Paris, illa dai a tenis kayen ba ya zuwa farat ɗaya. Sai ka zauna kusan awa biyu kana kallon gwaninka yana nutsewa a hankali.

Magoya bayan Federer sun fi kowa shan wuya, kuma ba su yi magana da baki ɗaya ba. Wasu suka kama zancen ciwo. Gaskiya ne a watan Maris na shekarar aka bayyana cewa ya yi fama da wani zazzaɓi mai kumbura maƙogwaro da kashe jiki, wanda likitoci ke kira mononukiliyos, tun lokacin gasar Ostareliya. Suka ce jikinsa bai dawo ba, ƙafarsa ta yi nauyi. Wasu suka ce ba jiki ba ne, zuciya ce: Nadal ya shige masa rai, da ya gan shi a bayan raga sai dabara ta gudu. Akwai kuma masu fushi da shi kansa Federer ɗin, suna cewa taurin kai ne ya hana shi canza salo, kuma a turmi na uku ya saki wasan ya bar shi ya tafi. Wannan zargi na ƙarshe shi ya fi zafi, domin masoyi yana iya yafe kaye, amma ba ya son ya ga kamar gwaninsa ya sallama.

Mu dai a namu ganin zancen ciwon yana da ƙamshin gaskiya amma bai isa ba. Mutumin da jikinsa ya ƙi ba ya cin wasanni shida a Roland Garros ya kai na ƙarshe. Zancen sallamawa ma mun ɗauke shi rashin adalci. Federer ya san idan ya tsaya a baya ana musayar bugu Nadal zai gajiyar da shi, sai ya zaɓi ya matso raga ya gajarta maki, yana neman layi da kowane bugu. Irin wannan caca ce: in ta yi kyau a ce gwani, in ta ɓaci kurakurai su yi yawa, zubi su riƙa tafiya da sauri, mai kallo ya ɗauka ba a yi ƙoƙari ba. Ranar ta ɓaci. Nadal kuwa ko an matso raga sai ya zura ƙwallo ta gefe ta wuce.

Daga nan aka samu masu saurin yanke hukunci, suka ce zamanin Federer ya ƙare, yana da shekara 26. Aka samu kuma masu kwantar da hankalin kansu da cewa ai jar ƙasa ce, gidan Nadal ne, a bari a je Wimbledon inda Federer ya ɗauki kofi biyar a jere, a ga yadda za a yi.

Magoya bayan Nadal fa? Murna suka yi, amma murna mai haɗe da jin haushi. Abin da ya dame su shi ne duk maganar da ake yi ta Federer ce: me ya same shi, ina ya ɓace, yaushe zai dawo. Kamar ba wani ne ya yi masa hakan ba. Suka ce yaro ya yi wasan da ba a taɓa gani ba a jar ƙasa tun zamanin Borg, amma ana ba da labarin kamar na rashin lafiyar wani. Sun daɗe kuma suna jin ciwon yadda ake kwatanta su biyun, a ce Federer basira ne da ƙwalisa, Nadal kuwa ƙarfi ne da gudu kawai, kamar dai wanda ya ci 6-0 bai yi tunani ba. A nan muna tare da su. Wanda ya sake kallon wasan zai ga Nadal bai tsaya can baya yana jiran kuskure ba. Ya matso kan layi, yana buga bayan hannu da ƙarfi, yana kai hari tun daga karɓar serbis.

Akwai kuma batun mutanen Paris su kansu. Ba a ɓoye yake ba cewa zuciyarsu tana wurin Federer. Yana jin Faransanci, yana yi musu magana da harshensu, salon wasansa irin wanda suke so ne, kuma kofin nasu ne kaɗai ya rage masa cikin manyan huɗu. Rabon ɗan Faransa da wannan kofi tun 1983, lokacin da Yannick Noah, wanda mahaifinsa ɗan Kamaru ne kuma ya yi ƙuruciyarsa a Yawunde, ya ci Mats Wilander. Da ba su da nasu, sai suka ɗauki Federer kamar ɗan gida. Nadal kuwa tun zuwansa na farko a 2005 ya ɗanɗana halinsu, ranar da ya kara da Sébastien Grosjean ɗan Faransa, aka yi saɓani da alƙalin wasa kan wata ƙwallo, ƴan kallo suka yi ta ihu har wasa ya tsaya na mintoci.

Wanda lokaci ya gaskata

Mako huɗu bayan wasan Paris, ranar 6 ga watan Yuli, suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na Wimbledon, a kan haki. Masu cewa a bari a je can sun samu abin da suka roƙa, amma ba yadda suka so ba. An yi awa huɗu da minti 48 ana wasa, ruwan sama ya tsayar da su sau biyu, aka gama duhu ya fara shiga. Nadal ya ci 6-4, 6-4, 6-7, 6-7, 9-7. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin wasan tenis mafi kyau da aka taɓa yi. A watan Agusta Nadal ya ɗauki zinariyar Olamfik a Beijin, kuma ranar 18 ga watan ya karɓe lamba ɗaya, bayan Federer ya yi mako 237 a jere a kai. Ashe ba jar ƙasa kaɗai ba ce.

Masu cewa Federer ya ƙare su ma ba su daɗe ba suka sha kunya. A watan Satumba na shekarar ya ɗauki kofin Amurka a hannun Andy Murray, daga baya ya kai manyan kofuna 20, na ƙarshe a 2018.

Shekarar 2009 ce ta fito da abin da ke cikin ƴan kallon Paris fili. Ranar 31 ga watan Mayu, Robin Söderling ɗan Suwidin ya ci Nadal a zagaye na huɗu, kayensa na farko ke nan a Roland Garros bayan wasanni 31. Filin ya goyi bayan Söderling ƙiri-ƙiri, ana kiran sunansa, ana murnar faɗuwar mai kofi huɗu. Abin ya yi wa dangin Nadal ciwo, har baffansa Toni ya fito ya caccaki ƴan kallon a kafafen labarai. Mako guda bayan haka Federer ya ci Söderling 6-1, 7-6, 6-4, ya ɗauki kofin da ya daɗe yana nema, ya durƙusa a kan jar ƙasa yana kuka. Wannan ma wasa ne na turmi uku, kusan na gefe ɗaya, amma ba mu ji an yi ƙorafin kuɗin tikiti ba. Magoya bayan Nadal har yau suna tunasar da cewa Federer bai bi ta kansa ya ɗauki kofin ba. Sau shida suka haɗu a Roland Garros, Nadal ya ci duka. A jar ƙasa gaba ɗaya 14 da 2 ne, jimillar karonsu kuma 24 da 16.

Nadal ya sake yin irin wannan aika-aika a wasan ƙarshe. A 2017 ya ci Stan Wawrinka, shi ma ɗan Suwis, 6-2, 6-3, 6-1, kofinsa na goma. A watan Oktoba na 2020, da annobar korona ta sa aka ɗage gasar aka kuma taƙaita ƴan kallo zuwa wajen dubu ɗaya, ya ci Djokovic 6-0, 6-2, 7-5. A 2022 Casper Ruud ɗan Norwe ya sha 6-3, 6-3, 6-0. Zuwa lokacin mutane sun daina tambayar me ya sami wanda aka ci. Sun riga sun san abin da ya same shi.

Su biyun kuwa gardamar magoya baya ba ta shiga tsakaninsu ba. A watan Fabrairu na 2020 sun yi wasan tara kuɗin taimako a birnin Kef na Afirka ta Kudu, ƙasar mahaifiyar Federer, gaban mutane fiye da dubu 51. A watan Satumba na 2022 a Landan, ranar da Federer ya yi ban kwana da tenis, tare suka yi wasa a gefe guda, aka gan su zaune suna kuka, hannu cikin hannu. Nadal ya ajiye raket a watan Nuwamba na 2024 da kofin Roland Garros 14, ya ci wasa 112 a can, an ci shi huɗu. Ranar 25 ga watan Mayu na 2025 aka shirya masa bikin karramawa a filin Philippe-Chatrier. Federer, Djokovic da Murray suka fito suka tsaya tare da shi, ƴan kallo sanye da riguna masu launin jar ƙasa. Aka share garin bulo kusa da ragar, sai ga wani allo da aka kafa a ƙasa ɗauke da sawun ƙafarsa da lamba 14.